Ƙiyasin ruwan da gida ke amfani da shi da tasirin mita

Ruwan amfanin gida shi ne wanda iyali ke kashewa a sha, girki, wanka, wanki, wanke-wanke, alwala da banɗaki, wani lokaci har da ban-ruwan shuke-shuken tsakar gida. Masana na auna shi da lita nawa mutum ɗaya ke ci a rana, su kuwa hukumomin ruwa da kubik mita suke lissafi, wato lita 1,000 kowane ɗaya.

Babban abin da ke yanke yawan ruwan da gida zai yi amfani da shi shi ne nisan ruwan daga gidan. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 ya nuna cewa inda sai an yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya, ko zuwa da dawowa ya haura minti 30, abin da ake ɗebowa kan gaza lita 5 ga kowane mutum a rana. Idan famfon unguwa na kusa, yakan kai lita 20. Famfo ɗaya a tsakar gida na kai shi wajen 50, gidan da aka ja wa bututu har kicin da bayi kuma 100 ko fiye. A Jamus mutum na cin kimanin lita 125 a rana, a Ingila wajen 140, a Amurka kusan 300. Ba ƙishirwa ce ta fi damun Ba'amurke ba: masai mai jan ruwa, shawa, injin wanki da ciyawar ƙofar gida su ne ke lashe ruwan. Wanda mutum ke kai wa bakinsa bai wuce lita biyu zuwa uku ba.

Hanyar ƙiyasi mafi sauƙi ita ce a bi ayyukan gida ɗaya bayan ɗaya. Tsohon tankin masai na zubar da lita 9 zuwa 13 a ja ɗaya, sabbin ƙira kuwa 6 ko ƙasa da haka. Wanka da bokiti na cin lita 10 zuwa 20, shawa kuma na iya cinye wannan cikin minti biyu. A haɗa, a ninka da yawan mutanen gidan, a ƙara wani abu don baƙi da ranar wanki. A birane irin Kano, inda gidaje da yawa ke dogara ga 'yan ga-ruwa, lissafin ya fi haka sauƙi, don uwargida ta san jarka nawa ta shigo. A ɗauki gida mai mutum 8 da ke sayen jarka 12 masu cin lita 25 kullum: lita 300 ke nan, kowa na samun 37 da rabi, a wata kuma kubik mita 9. Gidan da ke sayen ruwa jarka-jarka yana da mitar da ta fi kowace tsanani, ko da ba a taɓa ɗaura masa ƙarfe a bututu ba.

Mita na'ura ce da ake sa wa a bakin bututun da ya shiga gida, ruwa na wucewa tana juyawa, lambobi na hawa. Inda babu ita, kuɗi tsayayye ake yanka wa gida, ya yi tattali ko ya bar famfo a buɗe. A Ingila da Wales an daɗe ana yanka kuɗin bisa darajar da aka ƙiyasta wa gidan, ba yawan mazauna ba, har gwauro a babban gida ya fi mai 'ya'ya biyar a ƙarami biya. Daga 1989, shekarar da aka sayar wa 'yan kasuwa da hukumomin ruwan, an yi gwajin mita a wurare daban-daban har zuwa 1993, mafi girmansu a tsibirin Wight, aka ga amfani da ruwa ya ragu da kashi 11 cikin 100 a matsakaici. Raguwar ta fi fitowa lokacin zafi, sa'ad da ake shayar da lambu.

Wani kaso mai yawa na ruwan da mita ke ceto ba daga wanka ko girki yake fitowa ba, daga yoyo ne. Masai wanda bakin tankinsa ya saki na iya tsiyayar da ɗaruruwan lita a rana shiru, ba wanda ya ji. Mai mita na iya gano wannan da kansa: ya rufe duk famfuna da dare, ya rubuta lambar, da asuba ya sake dubawa. In ta motsa, akwai inda ke zuba.

Sai dai mita ba ta san gida nawa ke bayan bututu ɗaya ba. Inda farashi ke hawa mataki-mataki, gidan haya mai ɗakuna goma da famfo guda yakan faɗa mataki mai tsada, alhali kowane ɗaki kaɗan yake ɗiba. Inda ruwa ke zuwa yana ɗaukewa kuma, iskar da ta cika bututu na iya juya mitar kafin ɗigo ɗaya ya sauko, ƙorafin da ke da tushe. Afirka ta Kudu ta fara bai wa kowane gida lita 6,000 kyauta a wata a 2001, bisa lissafin lita 25 a rana ga kowane mutum a gida mai mutum 8. Mazauna unguwar Phiri a Soweto, cikin birnin Johannesburg, sun kai ƙara kan wannan adadi da kuma mitar da sai an sa kuɗi take sakin ruwa, amma Kotun Tsarin Mulki ta goyi bayan birnin Johannesburg a 2009. A ƙasar Ayalan kuwa, an haƙa tituna an binne dubban ɗaruruwan mitoci daga 2013, jama'a suka cika tituna da zanga-zanga, gwamnati ta dakatar da karɓar kuɗin ruwan a 2016, daga baya ma ta mayar wa waɗanda suka biya kuɗinsu.