Bawul ɗin tub na keke: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka da kewaye. Gyaran keke ne sana'ata, kuma tambayoyin da ake yi mini a kan bawul ba sa canzawa. Wanda ya tambaya jiya, shi ne zai aiko ƙaninsa yau da tambayar nan dai. Ga su na tattara wuri ɗaya. Ku karanta kafin ku je shago, ba bayan kun kashe kuɗinku ba.

Na sayo tub, bawul ɗinsa ya ƙi shiga hujin rim. Yaya zan yi?

Ka mayar wa mai shi ya canza maka. Kada ka buga, kada ka sa filaya. Gobe idan za ka saye, ka tafi da tsohon tub ɗin a hannunka.

Iri nawa ne bawul ɗin?

Uku. Akwai irin na mota, mai kauri, sunansa Schrader, a kwali za ka ga an rubuta AV. Kaurinsa milimita 8, hujin rim ɗinsa 8.5. A cikinsa akwai ɗan tsinke da sifirin ke riƙe da shi a rufe. Kamfanin August Schrader na New York ne ya fito da shi, aka yi masa rajista a 1893, kuma har yau shi ne a kan tayar kowace mota da babur.

Akwai siriri, Presta, wanda masu shago a nan ke kira na Faransa, a kwali SV ko FV. Kaurinsa milimita 6, hujinsa 6.5. Ba shi da sifirin. Ɗan noti ne a kansa, kai za ka kwance shi kafin ka ba da iska, kai za ka ɗaure bayan ka gama.

Na uku shi ne Dunlop, wasu su ce Woods, wasu su ce na Ingila, a kwali DV. Duk wanda ya tashi da baƙin keke irin Phoenix ko Raleigh a gida ya san shi, mai 'yar robar nan da ake zura wa ƙwayar ciki. Gindinsa daidai yake da na mota, huji ɗaya suke shiga.

Wanne ya fi kyau?

Wanda ya dace da hujin rim ɗinka, kuma famfon da ke kusa da kai yake kama shi. Shi ke nan.

A'a malam, ka dai faɗa mini wanda za ka zaɓa.

Idan keken neman abinci ne, kana zuwa aiki da shi, kana kai saƙo, kana ɗauko gas ko ruwa, ka zauna a kan irin na mota. Dalilina ɗaya ne: a duk faɗin Jidda babu unguwar da za ka rasa mai banshar, wato mai facin tayar mota, ko gidan mai, kuma tiyon iskarsu bakin bawul ɗin mota yake kamawa. Tayarka ta yi laushi da tsakar dare a hanyar Makka, wa zai nemo maka famfon Presta? Tub ɗinsa kuma ko a ƙaramin shagon kekunan yara za ka samu. Masu keken tsere da ke fita bakin teku da asuba, su rim ɗinsu ne ya zaɓa musu siriri, kuma suna ɗauke da famfonsu a aljihu. Kai da ba ka ɗaukar famfo, me ya kai ka?

An ce siriri ya fi riƙe iska.

Ba haka ba ne. Iskar da ke raguwa a hankali ta jikin robar tub take fita, ba ta bawul ba. Kowane tub yana haka, shi ya sa ake duba taya duk mako.

An ce kuma irin na mota ba ya ɗaukar iska mai ƙarfi.

Wa ya gaya maka? Manyan motocin ɗaukar kaya da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa da shi suke tafiya, kuma tayoyinsu suna shan iskar da ta kai ta keken tsere. Abin da ya sa ake sa siriri a keken tsere shi ne rim ɗin siriri ne, ƙaramin huji ba ya raunana shi kamar babba.

Na sayi keke na hannu a kasuwar Haraj Sawarikh, bawul ɗinsa siriri ne. Zan iya faɗaɗa hujin in koma irin na mota?

Wannan ita ce tambayar da ba na son amsawa ban ga keken da idona ba, domin amsar ta dogara da rim ɗin, kuma abin da aka huda ba ya komawa.

Kafin a yi maganar huji, ka fara da adafta. Ɗan guntun tagulla ne, kuɗinsa riyal kaɗan. Ka kwance notin kan bawul, ka ɗan danna shi ka ji iska ta huci, ka murɗa adaftan a kai, sai tiyon gidan mai ya kama. Ka gama, ka cire adaftan, ka ɗaure notin, sa'an nan ka mayar da adaftan a kai don kada ya ɓace. Yawancin masu zuwa mini da niyyar huda rim, wannan kaɗai ya raba su da matsalar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa adafta ba a kwance notin ba, a yi ta dannawa iska ba ta shiga, a ce adaftan jabu ne.

Idan ka ce kai lallai sai huji, to mu duba. Rim na kabon, kada ka kusance shi da injin huda, ko wa ya ce maka ya taɓa yi. Siririn rim na keken tsere, mai ɗaukar taya mai faɗin milimita 23 ko 25 ko 28, ni ba na hudawa. Milimita biyu ake ƙarawa, kamar ba komai ba, amma a rim ɗin da faɗinsa na ciki bai wuce milimita 15 ko 17 ba, abin da zai rage a gefen hujin kaɗan ne. Wasu sun yi sun kwana lafiya, ban musa ba. Amma wurin bawul shi ne wurin da rim ya fi rauni tun daga masana'anta, kuma idan ya tsage yana iya tsagewa ne lokacin da kake gudu a tsakiyar motoci. Ban da wannan ma, gindin bawul ɗin mota yana da faɗi, a siririn rim wani lokaci yana hana bakin tayar zama daidai, ka ga tayar tana tsalle a wuri ɗaya.

Rim mai faɗi na keken hawan dutse ko keken gari, na alminiyom, wannan ana yi, kuma galibi ba a samun matsala. Na ce galibi. A yi da bakin injin huda mai milimita 8.5, a cire taya da tub da robar da ke rufe kan wayoyin wili tukuna. Idan rim ɗin mai bango biyu ne, a huda duka biyun a miƙe, kada na ciki ya karkace daga na waje. Bayan nan a goge bakin hujin da magagari har ka shafa da yatsa ba ka ji kaifi ba, a kakkaɓe ɓarɓashin ƙarfen da ya faɗa cikin rim, a faɗaɗa hujin robar rufin ita ma. Wanda ya tsallake gugar nan, sabon tub ɗinsa ba zai yi nisa ba zai yanke a gindin bawul. Idan keken sabo ne mai garanti, ka sani huda rim na iya ɓata maka garantin. Idan kuma kana da niyyar sayar da shi nan gaba, mai saye da ya san keke zai rage maka kuɗi.

Wanda rim ɗinsa mai zurfi ne, akwai wata matsalar: bawul ɗin mota gajere ne, dogonsa ba ko'ina ake samu ba. Kana iya gama huji ka tarar kan bawul ɗin bai leƙo yadda famfo zai kama ba. Ka auna tukuna.

Hankalinka ya kwanta, ɗan'uwa, keken da ka saya ba shi da aibi. Ka gwada adafta na ɗan lokaci. Idan har yanzu ranka bai kwanta ba, ka kawo wilin a gani.

To akasin haka fa, siriri a babban huji?

Zai shiga, kuma zai kai ka gida idan ka maƙale. Amma yana rawa a cikin hujin, kuma robar gindinsa na iya kumburowa ta gefe ta yanke, musamman idan iskar da yawa. Akwai 'yar robar da ake cusawa a hujin ta cike gurbin, akwai kuma noti mai ɗan tudu da ke zama a ciki. Ka sa ɗaya daga ciki, ko ka nemi tub ɗin da ya dace.

Me ya sa bawul ɗina ke yagewa daga gindi?

Saboda kana hawa da taya mai laushi. Wannan ce ta fi ba ni haushi, don kusan kullum sai na faɗa. Idan iska ta yi kaɗan, duk birkin da ka taka tayar tana zamewa a kan rim tana jan tub, bawul kuma yana maƙale a hujinsa. Da farko za ka ga ya karkace. Wannan karkatar gargaɗi ne. Ka sace iskar, ka juya tayar har ya miƙe, ka ba ta iska yadda ya kamata. Idan ka bari ya yage, babu facin da zai kama wurin, kada ka ɓata sholisho. Haka nan masu ɗaure notin gindin Presta da filaya, ku daina. Da yatsa ake ɗaure shi, kaɗan.

Iska nawa zan sa?

An rubuta a gefen tayar. Ka karanta.

Zafin garin nan yana fasa tub?

Yana ƙara wa iskar ƙarfi, wannan gaskiya ne. Tayar da ka cika zuwa psi 60 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) a inuwa da safe, ma'aunin zafi na kan 25, idan ta tsaya a rana har zafin iskar cikinta ya kai 60, za ta hau zuwa kusan psi 69. Lafiyayyar taya ba za ta fashe don wannan ba. Wadda ke fashewa ita ce tsohuwar da gefenta ya tsattsage, ko wadda aka cika fiye da ƙima a gidan mai. Injin iskar can don mota aka yi shi, tayar keke kuwa cikinta kaɗan ne, kafin ka ƙifta ido ta cika ta wuce. Ka riƙa dannawa kaɗan-kaɗan kana taɓawa, ko ka sa geji, wato abin auna iska. Wannan bai shafi irin bawul ba, duka ukun haka ne. Kuma da rani kada ka bar keke a bayan rufaffiyar mota.

Malam, keken ɗana ne, kullum da safe tayar a kwance, mai faci ya ce babu huji.

Hajiya, kada ki sayi sabon tub tukuna. A cire murfin, a ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul ɗin. Idan ya yi kumfa, ƙwayar ciki ce ta kwance ko ta lalace. A irin na mota ana ɗaure ta da ɗan mabuɗi, ko a canza ta, kowane mai banshar yana da ita, kuma ta mota tana shiga ta keke. Kekunan yara kusan duka irin na mota ne, saboda haka abin mai sauƙi ne in sha Allah.

Murfin nan na roba yana da amfani?

A irin na mota, sosai. Bakinsa a buɗe yake, ƙura tana shiga, ga laimar Bahar Maliya da gishirinta. Yashi ya zauna a kan ƙwayar, sai ta fara yoyo. A siriri amfaninsa kaɗan ne, sai dai idan tub ɗin a naɗe yake a jaka, murfin ke hana tsinin huda robar.

Kekena irin na da ne, mai bawul ɗin Dunlop. In bar shi?

Ina ƙaunar kekunan nan, sun ɗauki kaya sun ɗauki iyali, kuma har yau 'yan'uwanmu a Sudan da Nijeriya da Nijar suna aiki da su. Kyawun bawul ɗin shi ne da hannu kake kwance shi ka canza ƙwaya, ba mabuɗi. Amma 'yar robar nan ba ta jure zafin ƙasar nan, tana narkewa ta manne ko ta tsage. Geji ma ba ya karanta iskar cikinsa daidai. Akwai sabuwar ƙwaya marar wannan roba da ke shiga wuri ɗaya, idan ka samu ka sa. Idan tub ɗin ya mutu, ka koma irin na mota, hujin ɗaya ne, ba sai an taɓa rim ba. Sai dai ka kula da girma: tayar waɗannan kekuna 28 x 1½ ce, lambarta 635. Tayar 700 ita ma ana ce mata 28, amma lambarta 622. Ka duba lambar nan mai uku a gefen taya kafin ka biya. Kuma idan za ka kwance zoben da ke kan bawul ɗin Dunlop, ka riƙe ƙwayar da yatsa, iska na iya harba ta ta ɓace.

Na ga an rubuta 40, 48, 60, 80 a kwalin siriri.

Tsawon bawul ne da milimita. Ka auna zurfin rim ɗinka, ka ƙara kamar 15, ka ɗauki wanda ya kai ko ya ɗan wuce. Idan ya yi tsawo, ba komai, ka dai yi hankali kada ka lanƙwasa shi wajen ba da iska. Idan ya yi gajere, famfo ba zai kama ba.

Famfo ɗaya zai yi wa duka?

Zai yi, idan ka sayi mai baki biyu. Ƙananan famfunan hannu da yawa kuma idan ka kwance bakinsu za ka ga roba da ɗan filastik a ciki, ka juya su duka biyun, ya koma ɗaya irin. Bakin Presta yawanci yana kama Dunlop. Ka gwada famfon a kan kekenka a ƙofar shagon kafin ka tafi da shi.