Ginin Ƙasa Ba Koma Baya Ba Ne Ga Makarantar Renon Yara

An daɗe ana ɗauka a Abuja cewa makarantar renon yara ba ta cika ta zamani ba sai an gina ta da bulon siminti, an yi mata manyan tagogin gilashi, sannan an saka na'urar sanyaya ɗaki a kowane aji. Wasu ma suna ganin da zarar an jera faifan sola a kan rufi, an gama maganar tattalin wutar lantarki.

Gaskiyar ita ce tattalin yana farawa tun daga zanen ginin. Gilashin da ke fuskantar yamma yana shigo da zafin la'asar cikin aji, musamman a watan Maris da Afrilu, shi ya sa na'urar ba ta hutawa. Katangar jan ƙasa mai kauri kuwa tana riƙe zafin rana, ba ta sakinsa sai dare ya yi, lokacin da yara sun daɗe da komawa gida. Idan dogayen bangaye suka fuskanci kudu da arewa, aka faɗaɗa bakin rufi domin inuwa, aka kuma sauko da tagogi daidai tsayin ɗan shekara 4, iska za ta ratsa inda yaran suke zaune.

Masu cewa ƙasa ba ta jure damina suna da hujja, amma maganinta tushe mai tsayi da rufi mai faɗi ne. Da bulon ƙasa masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001, kuma a 2022 ya samu lambar yabo ta Pritzker, wadda ake bai wa fitattun masu zanen gine-gine.