Harajin walimar ma'aikata ta shekara-shekara a Birtaniya

A dokar harajin Birtaniya, duk wata moriya da ma'aikaci ya samu daga wurin aikinsa ban da albashi, kamar motar kamfani ko inshorar lafiya, ana lissafa ta cikin abin da ya samu a cire mata haraji. Walimar da kamfani ke shirya wa ma'aikatansa sau ɗaya a shekara tana cikin 'yan abubuwan da aka yi wa rangwame. Sashe na 264 na dokar harajin albashi da fansho ta 2003 ya ce ba a biyan haraji a kanta matuƙar kuɗin da aka kashe bai wuce £150 a kan kowane mutum ba. Hukumar haraji ta HMRC ce ke kula da wannan ƙa'ida. Adadin bai motsa ba tun watan Afrilun 2003, lokacin da aka ɗaga shi daga £75, don haka kuɗin da a da yake isar a yi shagali sosai, yau da ƙyar yake biyan abinci da motar komawa gida a Landan.

Sharuɗɗa

Dole walimar ta zama mai maimaituwa kowace shekara. Dokar ba ta ɗaure ta da Kirsimeti ba, ko da yake yawancin kamfanoni a watan Disamba suke yi. Gashin nama na lokacin zafi ya shiga, haka ma cin abincin Sallah idan kamfani ya mai da shi al'adarsa ta kowace shekara. Bikin da ake yi sau ɗaya tak, irin murnar samun babbar kwangila ko cikar kamfani shekara 25, ba ya cikin rangwamen.

Dole kuma ƙofa ta kasance a buɗe ga dukkan ma'aikata. Ba lallai kowa ya zo ba, amma kowa ya samu gayyata. Kamfani mai rassa zai iya yi wa reshe ɗaya tasa walimar, muddin duk ma'aikatan reshen za su iya halarta. Liyafar daraktoci su kaɗai, alhali akwai sauran ma'aikata da ba a kira ba, ta faɗi sharaɗi. Tun 2020 hukumar ta amince da walimar da aka yi ta intanet a kan waɗannan sharuɗɗa.

Yadda ake lissafin £150

Nan ne akasarin ƙananan kamfanoni ke tuntuɓe. Ana tara duk abin da aka kashe: abinci, abin sha, hayar zaure, masu kiɗa, tasi, da ɗakin otal idan kamfani ya biya wa mutane kwana. Ana haɗawa da harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidima, ko da kamfanin zai karɓo VAT ɗin daga baya. Sai a raba jimlar da yawan mutanen da suka halarta, har da baƙin da ba ma'aikata ba, kamar matar ma'aikaci ko mijin ma'aikaciya.

Wannan £150 iyaka ce, ba rabon da ake cirewa a biya haraji a kan ragowar ba. Idan lissafi ya kai £151, harajin yana hawa kan £151 ɗin gaba ɗaya.

Misali, kamfani ya shirya wa ma'aikata 10 da baƙi 4. Abinci ya ci £1,400, zaure £350, tasi £210, jimla £1,960. In aka raba wa mutum 14, kowa ya tashi a £140, babu haraji. Amma a ce mutum biyu ba su zo ba, gidan abincin kuma ya riga ya karɓi kuɗinsa. Yanzu da 12 za a raba, kowa ya koma £163 da 'yan kwabbai, rangwamen ya tafi baki ɗaya. Shi ya sa akantoci ke ba da shawarar a tsaya wajen £120 zuwa £130 a kasafi, a kuma rubuta sunayen waɗanda suka zo a daren, domin takardar gayyata ba hujja ba ce.

Idan walima ta fi ɗaya a shekarar haraji, wadda ke farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu na gaba, ana haɗa kuɗinsu. Ta £90 da ta £55 duk sun tsira, tunda £145 ke nan. Ta £100 da ta £80 kuwa sun zarce, sai a ɗora rangwamen a kan ta £100, a biya haraji a kan £80 cif.

Kamfanin mutum ɗaya

Darakta ma'aikacin kamfaninsa ne a idon wannan doka, saboda haka kamfanin da ba shi da kowa sai mai shi zai iya cin moriyar rangwamen. Idan ya je da matarsa, mutum biyu ke nan, iyakar kuɗin ta zama £300. Sai dai dole a kashe kuɗin a kan walima ta gaske mai rasit. Ba a ɗebo £150 daga asusun kamfani a sa aljihu da sunan walima, kuma tsabar kuɗin da aka ba ma'aikaci a madadinta albashi ne, ana cire masa haraji yadda aka saba. Mai sana'ar da bai yi rajistar kamfani ba ba zai yi wa kansa wannan lissafi ba, domin shi ba ma'aikacin kowa ba ne, amma zai iya yi wa ma'aikatansa.

Harajin riba da VAT

Mutane kan cakuɗa ƙa'idar £150 da harajin ribar kamfani, alhali hanyoyinsu daban. Kuɗin da aka kashe wa ma'aikata ana cire shi daga riba kafin a lissafa haraji ko da ya wuce £150. Kamfanin da ke biyan kashi 19 cikin 100 zai samu sauƙin £372.40 a kan walimar £1,960, idan ba ya karɓo VAT. Abin da ba a cirewa shi ne kuɗin karɓar abokan ciniki. Idan su ne ainihin dalilin taron, ma'aikata kuma suna wurin ne don tarbar su, hukumar za ta ɗauki taron duka a matsayin karɓar baƙi.

VAT ya fi tsauri. Kamfani mai rajistar VAT zai karɓo kason ma'aikata, ba zai karɓo na baƙi ba, sai a raba gwargwadon kawuna. Idan kuma daraktoci ne kaɗai a wurin, babu abin karɓowa ko kaɗan. Saboda haka kamfanin mutum ɗaya yana samun rangwamen £150 da cirewar harajin riba, amma VAT ɗin ya tafi.

Idan an wuce iyaka

Kamfani zai bayyana kason kowane ma'aikaci, haɗe da na baƙonsa, a fom ɗin P11D, wanda ake bayyana moriyar ma'aikata a cikinsa, zuwa 6 ga Yuli bayan ƙarewar shekarar haraji. Ma'aikacin zai biya harajin albashi a kai, kamfanin kuma ya biya kuɗin inshorar ƙasa na aji 1A, wato kason da mai ɗaukar aiki ke biya wa gwamnati a kan irin wannan moriya, zuwa 22 ga Yuli, wanda ya zama kashi 15 cikin 100 daga Afrilun 2025. A misalin walimar £1,960 da mutum 12 suka halarta, wannan £294 ne.

Ba mai son ma'aikatansa su ga takardar haraji saboda abincin da aka gayyace su ci. Mafita ita ce yarjejeniyar PSA, inda kamfani ke ɗaukar nauyin harajin duka. Ana neman ta zuwa 5 ga Yuli, a biya zuwa 22 ga Oktoba. Tana da tsada, domin harajin da kamfani ya biya wa ma'aikaci shi ma moriya ce, sai an ƙara shi cikin lissafi, sannan a ɗora inshorar ƙasa ta aji 1B a sama.

Ƙananan kyaututtuka, kamar kwandon kayan ci da ake rabawa a ƙarshen shekara, suna da tasu ƙa'idar a sashe na 323A: kada kyauta ɗaya ta wuce £50, kada ta zama tsabar kuɗi ko ladan aiki, kuma daraktan kamfanin da mutane ƙalilan suka mallaka ba zai wuce £300 a shekara ba. Rasitai da jerin mahalarta ana ajiye su tare da sauran takardun kamfani na shekara shida.