Tafkin Gidimuni

Tafkin Gidimuni ruwa ne da ba ya ƙafewa, yana gabas da birnin Damagaram (Zinder) na ƙasar Nijar da tazarar kusan kilomita 70, a gefen babbar hanyar kwalta da ke zuwa Gure da Diffa. Nijar ba ta da teku. Saboda haka mutumin Zinder da ke son ya zauna a bakin ruwa ya sha iska, irin waɗannan tafkuna ne gaɓarsa, kuma na Gidimuni na cikin waɗanda suka fi suna a jihar.

Ruwan sama da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ne ke riƙe da shi, shi ya sa ko a tsakiyar bazara ana samun danshi a kewayensa. Mazauna wurin suna noman rani da kamun kifi, kuma dabinon Gidimuni sananne ne a kasuwannin Damagaram. A shekarar 2019 aka sa tafkin cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare irin waɗannan wurare, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Tafkin Lasuri, shi ma a jihar Zinder, ya riga shi shiga tun 2005.

Tsuntsaye su ne babban abin kallo. Akwai na gida da ake gani kusan kullum, irin su balbela da zalɓe da kirinjijiya. Akwai kuma baƙi. Wasu ƙananan agwagin ruwa suna ƙyanƙyasa a Turai, idan sanyi ya matso sai su ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka a tafkunan Sahel, su zauna har wajen Maris. Shamuwa kuwa tata tafiyar daban ce: tana yin rani a kudancin Afirka, ta dawo gab da damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, tana cin fara da ƙwari a gonaki. Manomi ya gan ta ya san lokacin gyaran gona ya yi, kuma a ƙauyuka da yawa ba a taɓa ta. Wannan tsohuwar kunya da ake ji wa shamuwa ta tsare ta fiye da kowace doka, kuma abin a riƙe ne da kyau.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne Disamba zuwa Fabrairu. Zafi ya sauka, baƙin tsuntsaye sun cika, sai dai hazon hunturu kan rage gani wasu ranaku. Da asuba ko dab da magariba tsuntsaye suka fi motsi. Mai keke zai ji daɗin kwalta, amma da ya sauka zuwa hanyoyin lambu sai yashi da ƙaya, don haka a tafi da famfo da kayan faci. Wanda zai kwana ya fara gaida mai gari ya nemi izini, ya tanadi tabarma da bargo da gidan sauro. A guji wanka a ruwan da ke kwance saboda tsargiya.

Babbar barazana ga tafkin ita ce rairayin da iska ke turowa daga tuddai, da ciyawar kacalla da ke cinye bakin ruwa tana toshe wa masunta hanya.