Rubutun Bango da Masu Fasahar Bayan Fage: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da wayar hannu ta kawo hotunan bangayen manyan birane cikin aljihun matasanmu, tambayoyi suka yawaita a majalisun Sakkwato game da zanen da ake kira girafiti da mutanen da ke yin sa. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Mene ne girafiti, kuma daga ina ya samo asali?

Kalmar ta fito daga Italiyanci, kuma tushenta yana nufin karce jikin wani abu. Ɗabi'ar tsohuwa ce, domin an tarar da rubuce-rubucen talakawa a bangayen Pompeii, birnin Rumawa da aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 Miladiyya. Salon da aka sani yau, na fentin feshi da manyan haruffa masu sarƙe da juna, ya taso ne a ƙarshen shekarun 1960 a Filadelfiya da Niyu Yok ta Amurka, inda 'ya'yan marasa galihu suka riƙa rubuta laƙabinsu a bango da jiragen ƙasa. Wani matashi ɗan aike mai sa hannu da TAKI 183, wato laƙabinsa da lambar titinsu, ya yi suna bayan jaridar New York Times ta ba da labarinsa a 1971. Hukumomin Niyu Yok sun yi shekaru suna wanke taragai, sai a 1989 suka bayyana cewa sun raba jiragen da rubutun.

Me ya sa ake ce musu masu fasahar bayan fage?

Saboda ba su jiran gidan nune-nune ko kamfani ko wani ubangida ya ba su dama. Da kuɗin aljihunsu suke sayen kayan aiki, su da kansu suke kai abinsu gaban jama'a, wasu kuma suna ɓoye sunansu don gudun kamu. Sai dai kasuwa takan riski wanda ya yi fice: Jean-Michel Basquiat, wanda ya fara da rubutu a bangayen Niyu Yok ya kuma rasu a 1988, an sayar da wani zanensa a kan dala miliyan 110.5 a 2017.

Shin wannan ba baƙuwar al'ada ba ce a wurinmu?

Gwangwanin feshin ne baƙo, amma yi wa bango ado da kuma ƙirƙira da abin da ke hannu namu ne tun kaka da kakanni. Maginan ƙasar Hausa sun daɗe suna fitar da dagi da sauran zane a fuskar zaure tun yaɓe yana ɗanye. Majema da dukawan Sakkwato, waɗanda jar fatar akuyarsu ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko, ba a jami'a suka koyi haɗa launi ba. Wanda ya taɓa zama kusa da mai zayyana yana ƙawata allon sauka ya san nufina: tawadar da aka haɗa da ƙaro, alƙalamin da aka fiƙe da aska, hannu yana jan layi ba kwana-kwana, ja da rawaya da kore kowanne a gurbinsa.

Haka ma mai fentin da ke rubuta karin magana a bayan babbar mota ko keke napep. Na tsaya na kalli ɗayansu yana aiki: ya sirka fenti da kananzir a gwangwanin madara, ya shafa wa zare alli ya ɗame shi ya sake don ya sami layi, sa'an nan ya zauna a kan dugadugansa yana fitar da haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya kiran kansa mai fasaha, amma aikinsa yana zaga ƙasa fiye da na wanda aka rataye a ɗakin nuni. Marubutan littattafan soyayya da suka buga ayyukansu da kuɗinsu a Kano tun daga shekarun 1980 su ma wannan hanya suka bi.

Me addini da doka suka ce?

Abu biyu ne a nan. Na farko, bango yana da mai shi, kuma ɓata dukiyar wani ba da yardarsa ba zalunci ne a shari'a, laifi ne a doka. Wannan hukunci ya hau kan mai feshi kamar yadda ya hau kan masu liƙa fastocin siyasa da masu rubuta tallar magani da gawayi a katangar makaranta, waɗanda a ganina su suka fi ƙazantar da garinmu. Na biyu, malamanmu suna da magana mai nauyi a kan zana abu mai rai, kuma wanda ke aiki a birnin Shehu ba zai yi kunnen uwar shegu da ita ba. Amma ƙofar haruffa da zayyana a buɗe take. A 2012 wani mai zane ɗan asalin Tunusiya da ake kira eL Seed ya rubuta aya ta 13 ta Suratul Hujurati a hasumiyar wani masallaci a garin Gabes na ƙasar Tunusiya, da izinin limamin da hukuma. Duk da haka, a nan ya kamata a tambayi malamai kafin a sa aya inda ƙura da ƙazanta za su kai gare ta. Karin magana ko baitin waƙa da ajami ya wadatar.

Ana iya cin abinci da shi?

Ana iya, idan an haɗa shi da rubutun allon shago, adon ajin yara da bugun riguna. A Dakar ta Senegal har biki ake yi wa wannan sana'a, Festigraff, tun 2010.

Ta ina matashi a Mabera ko Runjin Sambo zai fara?

Ya fara da takarda da fensir har hannunsa ya faɗa, sa'an nan ya zauna wurin mai fenti ko mai zayyana ya koyi auna layi da haɗa launi. Fentin feshi yana da tsada kuma tururinsa yana cutar da huhu, don haka buroshi da fentin gida sun ishe shi, in kuma zai yi feshi ya rufe hanci da baki. Bangon farko ya zama na gidansu, da yardar mahaifinsa. Idan zai fita waje, ya nuna wa mai bangon zanen a takarda, ya kuma sanar da mai unguwa. Ya yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, domin ranar Sakkwato, wadda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, tana busar da fenti kafin ya kama bango, kuma ya ɗauki hoton aikin ranar da ya gama, tun da rana da ƙurar hunturu za su dusashe launin.