Ma'anar "baklayit", da fitilar da ake laƙaba wa sunan

Tun da kowa ya zama mai shirin hira a YouTube da TikTok, kalmar "baklayit" ta shiga bakin mutane. Za ka ji mai gabatarwa yana yabon sutudiyonsa, wai sun sa sabon baklayit, kana dubawa sai ka ga wata fitila ce shuɗiya aka ajiye a ƙasa tana haska bango. Wannan fitilar bango ce, kuma aikin biyun bai ko yi kama ba.

Baklayit na ainihi mutum yake haskawa. A bayan mai magana ake rataye shi, daga sama, ya zana siririn haske a gefen kai da kafaɗu. Shi ne na uku a tsarin fitilu ukun da ake fara koya wa ɗan koyo, bayan babbar fitilar fuska da mai rage inuwa. Fitilar bango ita ce ta huɗu, kuma ba ruwanta da mutum. Abin da ke bayansa take bi, ko garu ne, ko labule, ko kantar littattafai, ko ƙaton farin ƙyallen nan da ake ja a ƙarshen dandamalin wasan kwaikwayo ya zama sararin sama. Wanda ya ɗauka duk ɗaya ne sai ya sayi guda ya ce ya gama.

To me ya sa bango zai buƙaci fitilarsa? Saboda haske saurin mutuwa gare shi. A ce fitila tana mita 1 daga fuskar mutum. Bangon da ke mita 2 daga fitilar kashi 1 cikin 4 na hasken da fuskar ta samu kawai zai samu. In ya kai mita 3, kashi 1 cikin 9. Shi ya sa farin bango kan fito toka-toka a kyamara, wani lokaci ma baƙi wuluk, mai baƙar riga ya narke a ciki sai fuska kaɗai tana yawo. Mai ɗaukar hoton da bai gane ba sai ya ce wa baƙo, "Ranka ya daɗe, ɗan matsa baya." An jingina shi da garu, bango ya yi haske, amma ga inuwarsa nan ƙatuwa manne da shi, tana ɗaga hannu duk lokacin da ya ɗaga. Maganin shi ne a janye mutum daga bango, inuwar ta faɗi ƙasa inda kyamara ba ta gani, sannan a ba bangon tasa fitilar. Masu fim na zamanin baƙi da fari sun san haka dole, don ja da kore kan iya fita launin toka iri ɗaya, haske kaɗai ke raba mutum da abin da ke bayansa.

Ni dai shuɗin nan da ya cika ko'ina ya ishe ni. Bango shi ke gaya wa mai kallo inda ake da kuma lokacin da ake ciki. Hasken da ya shigo a karkace ta wani allo mai huji-huji, wanda masu aikin ke kira "kuki", yakan ba da inuwar ganye ko ta taga, nan take ka san yamma ce a cikin ɗaki. Shuɗi zalla kuwa bai ce komai ba, malami da ɗan barkwanci da ɗan siyasa duk kamar wuri ɗaya suka zauna.

A ƙa'ida fitilar bango ake saitawa daga ƙarshe, kuma akan bar ta ƙasa da hasken fuska kaɗan, don ido wurin da ya fi haske yake fara zuwa. Koren ƙyallen bango da ake cirewa a kwamfuta a maye gurbinsa da wani hoto ne kawai ba ya son ado, shi a haska shi bai ɗaya daga gefe zuwa gefe, in ba haka ba mai tace hoto zai sha fama da gefen kunne.