Waya a aljihun ƙirji da batirin zuciya

Tambayar da ake yawan yi min kwanan nan ita ce wai waya ko turken sabis na iya tsayar da zuciyar mutum. To bari in yi bayani gwargwadon abin da na sani a aikina na lafiya, don ina ganin tsoron da mutane suke ji ya sauka a inda bai kamata ba.

Ita dai zuciya da lantarkinta take aiki. A saman ɓangaren dama akwai wani ɗan ƙullin ƙwayoyi da yake tayar da tartsatsi da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Kowace ƙwayar tsokar zuciya tana da fata mai ƙananan ƙofofi, sai sinadarin sodiyam ya afka ciki, kalsiyam ya biyo baya ya sa tsokar ta matse, sannan fotashiyam ya fita ƙwayar ta huta ta jira zagaye na gaba, kuma ƙwayoyin nan a manne suke da juna shi ya sa saƙon yake wucewa daga wannan zuwa waccan kamar ana miƙa shi hannu da hannu. Wannan lantarkin shi ake zanawa a takardar gwajin ECG, wanda Willem Einthoven ya samu kyautar Nobel a kansa a 1924.

Siginar da waya take fitarwa ba ta kai ta buɗe waɗannan ƙofofin ta hargitsa bugun zuciyar mai lafiya ba. Abin da yake hargitsa shi da gaske shi ne wutar lantarki ta ratsa jiki kai tsaye, mutum ya taɓa wayar wuta a buɗe da jiƙaƙƙen hannu wutar ta bi ta ƙirji, nan ne tsokar take daina matsewa ta koma karkarwa kawai jini ya tsaya. Wannan kam kisa yake cikin mintuna.

Amma waɗanda hankalina ya fi tashi a kansu su ne masu batirin zuciya, na'urar nan da ake dasawa ƙarƙashin fata ƙasan ƙashin wuya, tun 1958 aka fara dasa ta a Suwidin. Ita an ƙera ta ne ta riƙa sauraron lantarkin zuciya, kuma da gangan aka yi ta yadda in an ɗora mata maganaɗisu za ta sauya aiki don likita ya samu yadda zai sarrafa ta a tiyata. Irin wadda take saita bugu sai ta koma bugawa a kan lissafi ɗaya ba tare da sauraron zuciyar ba, irin wadda take ba da shok in zuciya ta rikice kuwa sai ta dakatar da shok ɗin gaba ɗaya. To ka ga wayoyin zamani da wasu agoguna da abin sa wa a kunne duk akwai maganaɗisu a cikinsu. Shi ya sa a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ce a nesanta su da na'urar aƙalla inci 6, kusan santimita 15.

Wani dattijo ya zo min awo, ina cewa Baba a ɗan buɗe riga sai ga waya a aljihun hagu zaune daram a kan tabon aikin. Na ce Baba kullum a nan take? Ya ce ai nan ne gidanta. Wallahi gabana sai da ya faɗi, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Don Allah in kana da irin wannan na'urar ko mahaifinka ko mahaifiyarka suna da ita, waya ta koma aljihun wando ko jaka, a amsa kira da kunnen ɗaya ɓangaren. Ƙofar nan mai gane sata a manyan kantuna a wuce kawai kar a tsaya ana hira a tsakiyarta. Aikin walda a nemi izinin likitan zuciya tukuna. Hoton MRI kuwa maganaɗisunsa mai ƙarfin gaske ne, akwai batiran da aka ƙera su jure shi amma sai an saita su kafin a shiga, don haka a faɗa tun a wajen rajista kuma a nuna katin na'urar. In aka ji jiri ko bugun ya canza kusa da wata na'ura, a matsa nesa da ita nan take, yawanci batirin yana komawa daidai, sannan a je a duba shi.